Dam ɗin Tiga da Mutanen da Ba a Tambaya Ba

Da an ce mulkin kama-karya, hankali sai ya tafi ga bulala da kurkuku da soja a bakin titi. Duk akwai su. Amma tushen abin shi ne mutum ɗaya ko 'yan tsiraru su yanke wa jama'a hukunci, babu majalisar da za ta ce a dakata, kotu an ɗaure mata hannu da dokar soja, jarida kuma tana tsoron bakinta. Irin wannan mulki yana iya yin aikin da za a daɗe ana yabawa, shi ya sa yake rikita mutane.

Ga dam ɗin Tiga a ƙasar Bebeji. An gina shi tsakanin 1971 da 1974, zamanin Janar Gowon, Audu Bako yana gwamnan Kano. Ya tare Kogin Kano, wanda ya ratso dajin Falgore ta wajen Doguwa da Tudun Wada. Babu mai musun amfaninsa: shinkafa da tumatir da alkamar Kadawa da Kura da Bunkure da ruwansa ake noma su, har yau kuma Kanawa suna yi wa Audu Bako addu'a. Ni ma ban ce a fasa ba.

Tambayata ita ce, wa aka shawarta? Dubban mutanen da ruwa ya ci gonakinsu da makabartun iyayensu umarni aka ba su: ku tashi. Na can ƙasan kogi kuwa ko labarinsu ba a yi ba. Fadamun Haɗejiya da Nguru da ambaliyar damina suke rayuwa. Ruwa ya malala ya janye, a shuka shinkafa, masunta su kama kifi, Fulani su sami ciyawar rani. Da aka tare shi a Tiga, aka ƙara da dam ɗin Challawa a 1992 lokacin Babangida, ambaliyar ta ragu ƙwarai. Ruwan da ake saki kuma yana gudana rani da damina, sai kacala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, wani gari ya nutse, wani ya bushe. Da akwai zauren da masuncin Nguru zai ɗaga murya, wataƙila da an gina dam ɗin, amma da an tsara yadda za a riƙa sakar masa rabonsa tun farko.

Halin kuma ba ya tafiya tare da kakin soja. A wajen dam ɗin Bakolori, a watan Afrilun 1980, manoma suka tare hanya suna neman diyyar gonakinsu, 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka kashe mutane da dama. Farar hula ke mulki a lokacin. Da soja suka dawo kuwa, a 1995 gwamnatin Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas, bayan ya yi shekaru yana kuka kan yadda haƙar mai ta lalata ƙasar Ogoni.

Manomin Kiru ma abin bai bar shi ba, ko da ruwa bai taɓa gonarsa ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa, ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna. Gonar gado ana iya karɓe ta da sunan amfanin jama'a, diyyar kuma ta amfanin gona da gini ce, ba ta ƙasar kanta ba. Sojoji suka cusa dokar cikin tsarin mulkin 1979, aka maimaita a na 1999, yanzu ba ta taɓuwa sai an bi matakan gyaran tsarin mulki, har da amincewar kashi biyu cikin uku na majalisun jihohi.