Jirgin Ƙasa da Mutanen Janbako: Abubuwan Ban Mamaki a Taƙaice

Jama'ar Janbako, Mafara, Bakura da Maradun, ku gyara zama, yau hirar dogo za mu taɓa.

Tun 1929 layin dogo ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙaura Namoda ya ja birki. Ga shi ana neman shekara ɗari bai ƙara ko taku ɗaya wajen Sakkwato ba. Baƙo ya ji daɗin masauki!

Shi ya sa mutumin Janbako na da, in zai hau jirgi zuwa Kano ko Ikko, sai ya fara ɗaure kaya ya nufi tashar Gusau ko ta Ƙaura tukuna. Kafin ya yanki tikiti ya riga ya ci rabin guzurinsa.

Da Turawa suka kai dogo Kano a 1911, auduga suke kwaɗayi don masaƙun Ingila. Manoma suka auna farashi, suka ga gyaɗa ta fi tsoka, suka yi ta zuba ta a tasha har buhuna suka zama dala. Wa ya ce talaka bai iya lissafi ba?

Kun taɓa jin jirgi ya goyi jirgi? Kafin a gama gadar Makurɗi a 1932, taragwai a kan jirgin ruwa suke haye Binuwai, kamar yadda aka yi a Jebba a kan Kwara kafin tata gadar. Allah Sarki, ɗan'uwa rabin jiki.

An taɓa yin wani siririn layi daga Zariya zuwa Jos saboda kuza, faɗinsa ƙafa biyu da rabi kacal. A 1957 aka rufe shi. Ya yi ƙarami, amma ya sha kaya.

Tsohon layinmu na Gusau faɗinsa ƙafa uku da rabi, na Abuja zuwa Kaduna kuwa da aka buɗe a 2016 ya haura ƙafa huɗu da rabi. To ko an ce a aro mana jirgin Abuja zuwa Kaduna, ƙafafunsa ba za su zauna a kan ƙarfenmu ba. Kowa da takalminsa!

Tsofaffin fasinjoji ba su manta kasuwar taga ba. Jirgi na tsayawa 'yan talla za su yi caa da rake, dafaffen ƙwai da fura, ana cikin neman canji direba ya busa. Mai jan ciniki ya kwana da yunwa.

Maraɗi ba ta taɓa jin kukan jirgin ƙasa ba, amma a 2021 aka ɗora harsashin layin da zai je can daga Kano, ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Dogo zai tsallaka iyaka, mun taya maƙwabta murna.

Mu kuma ga shinkafa, albasa da tumatir na madatsar Bakolori, duk a bayan manyan motoci suke tafiya. Don haka duk mai neman ƙuri'a da ya yi sallama a Janbako, a ba shi tabarma da ruwa, sannan a tambaye shi yaushe dogo zai tashi daga Gusau ya biyo ta Mafara zuwa Sakkwato.