3.2 Shan Taba da Matsayin Mai Shan Ta: Misalin Ƙasar Birtaniya

A wannan sashe za a duba yadda shan taba sigari ya tashi daga al'adar kowa da kowa ya koma al'adar talaka. An zaɓi Birtaniya ne domin ta daɗe tana ajiye alƙaluma a kan lamarin.

A tsakiyar ƙarni na 20, likita da lauya da lebura duk suna zuƙar taba, ba wani bambanci na a zo a gani. A shekarar 1950 ne Richard Doll da Austin Bradford Hill suka wallafa binciken da ya danganta taba da ciwon daji na huhu. Daga 1951 kuma suka shiga bin diddigin lafiyar likitoci kimanin 40,000. Likitocin nan na cikin waɗanda suka fara yar da taba, sauran masu ilmi mai zurfi suka biyo baya.

A shekarar 1974, kashi 45 cikin ɗari na manya suna shan taba. A 2023 adadin ya sauko zuwa kusan kashi 12. Sai dai raguwar ba ta zo daidai wa daida ba. A wannan shekara ta 2023, yawan mashaya a tsakanin masu aikin ƙarfi ya haura ninki biyu na yawansu a tsakanin manyan ma'aikata.

Kuskure ne a ɗora laifin a kan jahilci kurum, domin leburan ma ya san taba na kisa. Gargaɗin na nan ɓaro-ɓaro a jikin kwali. Abin lura shi ne, barin taba na bukatar kwanciyar hankali da goyon bayan na kusa. Wanda ya tashi a gidan mashaya, abokan aikinsa mashaya, ga bashi ga zullumin rasa aiki, da wuya ya saki abin da yake ganin shi kaɗai ke ɗebe masa kewa. Bugu da ƙari, harajin da gwamnati ke ƙarawa domin hana sha ya fi cin aljihun talakan da ya kasa bari, har yakan taɓa kuɗin cefane.

A Nijeriya kuwa, sayar da taba kara-kara shi ke sauƙaƙa wa mai ƙaramin ƙarfi saye, wanda hakan ya sa dokar taba ta 2015 ta haramta shi. Sashe na gaba zai duba yadda ake aiwatar da wannan doka.