Yadda Ake Auna Ci Gaban Gwamnatoci A Zamanin Kwamfuta

A hutun da ya wuce na raka mahaifina wani ofis neman takarda. Sau uku muna biyan kuɗin mota, kullum sai a ce mu dawo gobe. Da na ba malaminmu labari, sai ya ce akwai ƙasashen da mutum zai sami irin wannan takarda ta intanet yana zaune a ɗakinsa, har ma jarrabawa ake yi wa gwamnatoci a kan haka.

Majalisar Ɗinkin Duniya ce ke auna ƙasashe 193 duk bayan shekara biyu. Abubuwa uku take dubawa. Na farko, ayyukan da gwamnati ke yi wa jama'a ta intanet, kamar karɓar haraji. Na biyu, yawan masu wayar hannu da intanet. Na uku, ilimin mutanen ƙasa. Sai a ba da maki daga 0 zuwa 1. A shekarar 2024 Danmak ce ta zo ta ɗaya, Estoniya ta biyu, Singafo ta uku. A nahiyarmu kuwa Afirka ta Kudu ce ta yi zarra.

Ni dai na ukun ya fi tsaya mini a rai. Ko gwamnati ta cika ofisoshinta da kwamfuta, in manomi bai iya karatu ba, tilas ya sake hawa mota ya je ya bi layi. Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, karatun nan da muke yi yana cikin makin ƙasarmu. Allah Ya ba mu ikon dagewa, amin.