Taswirar Addinan Duniya a Sahun Juma'ar Bauchi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a sahun Juma'a a babban masallacin Bauchi, daf da fadar sarki, ya ga abin nan: wani ya saki hannuwansa, na gefensa ya ɗora su a ƙirji. Sadalu da ƙabalu ke nan. Ido ya saba da su har ba ma tambayar daga ina kowanne ya taso, alhali kowanne yana da hanyar da ya biyo kafin ya iso mu.

Sakin hannun nan ta hamada ya shigo, tare da mazhabar Imamu Malik. Imamu Malik a Madina ya rasu, a 795, amma mazhabarsa can yamma ta yi kaka-gida, a Kairawan da Fas da Andalus, sannan ta biyo ayarin raƙuma zuwa Timbuktu da Katsina da Kano. Shi ya sa ɗalibin zaure a Bauchi ke farawa da Ahalari, ya wuce Ishmawi da Iziyya, har ya kai Risala ta Ibn Abi Zaid, malamin Kairawan ta ƙasar Tunisiya. Rubutun allonmu da ƙira'ar Warshu ma gadon Magrib ne. Da ta teku Musulunci ya zo mana, yadda ya je Zanzibar da Indunisiya, da wataƙila yau Shafi'iyya muke bi. Turkiyya da Pakistan da Indiya kuwa Hanafiyya ce ta rinjaya, domin ita daulolin da suka mulke su suka riƙa. Hambaliyya ta fi ƙarfi a Saudiyya, Ibadiyya a Oman. Iran, da ake ganin kamar tun fil azal ƙasar Shi'a ce, sai daga 1501 sarakunan Safawiyya suka mayar da ita haka. 'Yan Shi'a a duniya kashi 10 ne zuwa 13 cikin ɗari na Musulmi.

A Bauchi kanta kowane reshe yana da inda yake fuskanta. Malam Yakubu, wanda ya kafa birnin a 1809, tutar Shehu Usmanu ya karɓo, Shehu kuwa Baƙadire ne, silsilarsa na komawa ga Abdulƙadir Jilani na Bagadaza. Taron Mauludi da zikirin Juma'a na almajiran Shehu Dahiru Usman Bauchi suna kallon Kaulaha ta Senegal, garin Shehu Ibrahim Inyass, da Fas, inda Shehu Ahmadu Tijjani ya rasu a 1815. Izala a nan maƙwabta aka haife ta, Jos, a 1978, amma yawancin littattafanta da digirin wasu malamanta daga Saudiyya suke. Shi'anci kuma bayan juyin juya halin Iran na 1979 ya yi ƙarfi, ta hanyar Zariya.

Abin da ke damuna shi ne yadda muke jifan juna da "addinin Larabawa" da "addinin Turawa". Ƙidaya ta ƙaryata duka biyun. Cikin Musulmin duniya kusan biliyan 2, kimanin ɗaya bisa biyar kacal ke zaune a Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka. Mafi yawa a Asiya suke, Indunisiya na gaba. Kiristoci kuwa, su wajen biliyan 2.3, a 2020 yawansu a Afirka kudu da Sahara ya zarce na Turai. Ƙasar da ta fi kowace yawan 'yan Katolika Brazil ce. Habasha ta karɓi Kiristanci tun ƙarni na 4, kuma wurin sarkinta Najjashi sahabbai suka yi hijirar farko. Addinin Hindu ne kaɗai cikin manyan ya zauna a gida, domin kusan duk mabiyansa a Indiya da Nepal suke. Na Buddha ya bar Indiya ya bunƙasa a Tailan da Siri Lanka da Japan.

Kiristancin ƙasar Bauchi ma yana da dalilin zama inda yake. Bayan Turawa sun ci Bauchi a 1902, sun taƙaita aikin mishan a garuruwan sarakunan Musulmi, don kada su ɓata da masu riƙe musu mulki. Sai 'yan mishan suka nufi duwatsu, wurin al'ummomin da jihadi bai musuluntar ba. Ƙungiyar mishan ta SIM, wadda ta iso Nijeriya a 1893, ita ta haifi cocin ECWA. Ƙungiyar SUM ta 1904 ta haifi cocin COCIN, wanda ya yi ƙarfi a tsakanin ƙabilar Sayawa. Katolika da Anglika na cikin birni kuwa ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu ne suka ƙara musu yawa.

In mutum ya fita daga Bauchi ta Yelwa, ya kama hanyar Dass zuwa Tafawa Balewa da Bogoro, a tafiyar da ba ta kai rabin yini ba zai ga masallatai na raguwa, coci-coci na ƙaruwa. Wannan gaɓa ba tamu ce mu kaɗai ba. Ita ce ta ratsa Kodibuwa da Gana, ta bi ta kudancin Kaduna da Jos, ta shiga Chadi, ita ce kuma ta raba Sudan gida biyu a 2011. A Tafawa Balewa an zubar da jini a kanta a 1991, tsakanin mutanen da kasuwa ɗaya suke ci, Hausa ɗaya suke ciniki da ita.