Ɗigon baƙin mai a gangare: abin da yake nunawa

'Yan'uwa manoma da makiyaya, yau zancenmu a kan mota ne. Ko ba ka da mota, ita ke ɗaukar rakenka da rogonka daga fadamun Korama zuwa kasuwar Matameye. Ita ke kai ragunanka iyakar Dan Barto, ko ta bi ta Takieta zuwa Damagaram. In injinta ya ƙone a hanya, kayanka ne za su kwana a daji.

Direbobi da yawa suna cewa: motata ba ta yoyo, sai in na tsayar da ita a gangare. To, gangare ba ya huda inji. Yoyon yana nan tun da, gangare ne ya tona shi.

Ga dalili. A ƙarƙashin inji akwai wani kwanon ƙarfe, makanikai suna ce masa karter. In an kashe mota, baƙin mai ya gangaro ya taru a cikinsa. Ka ɗauki ƙwarya da nono ka karkata ta, nonon zai taru gefe guda har ya taɓa baki. Haka mai yake yi. In gaban mota yana sama, mai ya koma baya. In gaban yana ƙasa, mai ya zo gaba. Duk inda robar toshiya ta tsufa a wannan gefen, nan zai fita.

Ƙasarmu rairayi ce, tana shanye mai nan da nan. Saboda haka ka shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota da dare. Da safe ka duba. Kashegari ka juya motar, gabanta ya kalli inda bayanta ya kalla jiya, ka sa sabon kwali. Dare na uku ka aje ta a wuri mai daidai. Kwali uku za su gaya wa makaniki abin da bakinka ba zai iya ba.

Ka dubi launin ɗigon, ka sunsuna. Man inji baƙi ne ko ruwan ƙasa. Man giya ya fi kauri, yana da wari mai ƙarfi. In kuwa ruwa ne mai santsi, ba launi sosai, kuma kusa da ƙafar mota yake, wannan man birki ne. Kada motar ta motsa da mutane sai an gyara.

Wurin da mai ya ɗiga ba lalle ne nan ya fito ba. Mai yana bin jikin ƙarfe, a gangare kuma yana tafiya nesa kafin ya faɗo. A wanke inji, a tayar da shi na ɗan lokaci, a nemi wurin da ya fi tsawo da ya jiƙe. Sau da yawa robar murfin kan inji ce, ko matatar mai da ba a ɗaure da kyau ba, ko noti na juye. Waɗannan gyaransu ba tsada. Mai wuya shi ne yoyo tsakanin inji da giya, wanda yakan fi bayyana in gaban mota na sama. Sai an sauke giya kafin a kai ga robar. In an bar shi, mai na iya shafar kuloci, mota ta riƙa kuka ba ta ja a cikin rairayi. Tsofaffin Peugeot 504, irin waɗanda aka yi ta haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, duk sun kai shekarun da roba ke bushewa.

Akwai kuskure guda da na fi gani wurin yaran mota. Sai su zaro sandar awon mai a gangare. Sandar ta nuna mai ya ragu, alhali yana can gefe guda. Su ƙara, ya yi yawa, ya matsa wa robobi, yoyo ya ƙaru. Ko kuma ta nuna ya cika, alhali saura kaɗan. A auna mai a wuri mai daidai, minti 10 bayan kashe inji. A goge sandar, a mayar, a sāke zarowa. Mai ya tsaya tsakanin zane biyu. A yawancin ƙananan motoci, tsakanin zanen nan kamar lita 1 ne.

Ƙurar hunturu ma tana da laifi. Inji yana da ɗan bututun numfashi. In ya toshe, iska ta taru a ciki ta tura mai waje. Ka ce makaniki ya duba shi kafin ka sayi sabuwar roba.

Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota a gangare, ko da an ja birkin hannu. A sa duwatsu a ƙafafu, a kore yara. Kwalin da ya sha mai a ɗauke shi daga inda awaki suke, don suna cin kwali. Kuma in jar fitilar mai ta kama ana cikin tafiya, direba ya tsaya nan take ya kashe inji, ko da Kantche ana hango ta.