Mai rabon fili, mai sayen fili

Wanda ya fita Kano ta hanyar Zariya ko ta Katsina zai ga yadda gari ke cinye gonaki. A Kumbotso da Ungogo da Dawakin Kudu, inda a da ake yankan gero da dawa, yanzu turakun awon igiya ne da tarin bulo. Cinikin fili halas ne. Abin dubawa shi ne idan mai sayen ya kasance shi ne mai riƙe da alƙalamin hukuma.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, amma sashe na 6 ya ba ƙaramar hukuma ikon bayar da shaidar mallaka ta gargajiya a wajen birni, har hekta 500 don noma da 5,000 don kiwo, ba sai gwamna ya sa hannu ba. Ƙaramar hukumar kuma tana iya karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada kuwa ta abin da ke kan ƙasar ce, gini ko shuka ko bishiya, ba ta ƙasar kanta ba.

Jarin jami'in hukuma a wannan kasuwa shi ne labari. Ciyaman ko kansila ko jami'in filaye ya riga kowa sanin inda za a kai kasuwa ko tashar mota. Sai ya tura dillali ya taya gonar da ke wurin da farashin gona, a rubuta takarda da sunan ƙani ko suruki, mai unguwa ya sa hannu a matsayin shaida. Bayan damina gireda ta shigo, a zuba kwalbati, a dasa taransifoma. Manomin da ya sayar don ya aurar da 'ya sai ya ga fuloti ɗaya ya fi kuɗin gonarsa duka. Mafi muni ma, hanyar kan karkata ta bi inda filin oga yake, ƙauyen da ya fi buƙatarta ya ci gaba da jira.

Dalilan ba a ɓoye suke ba. Kujerar ciyaman ba ta da tabbas, gwamnoni sun sha rushe majalisar ƙaramar hukuma su naɗa kantoma, kuma tun faɗuwar naira a 2023 kowa ya ɗauki ƙasa a matsayin asusu. Jadawali na 5 na tsarin mulkin 1999 ya hana ma'aikaci saka kansa inda son zuciya zai yi karo da aikinsa, ya hana shi gudanar da kasuwanci, amma ya yarje masa noma. To wa zai tuhumi wanda ya ce gona ya saya? Takardar bayyana kadarori kuwa tana kulle a ofishin Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, talaka ba ya ganinta.

Ɓarnar takan faɗa kan filin da ba shi da mai tsaya masa: burtali, gefen maƙabarta, filin ƙwallon firamare, hanyar ruwa. Daga nan rigimar manoma da makiyaya, da ambaliya a watan Agusta, da fuloti ɗaya mai takarda uku a gaban alƙali.

A ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Hukuncin ya dace, sai dai idan ya tabbata a aikace, ciyaman zai ƙara samun ikon zaɓar inda za a zuba kwalta, alhali har yanzu babu rajistar da ɗan gari zai buɗe ya ga sunan mai filin da ke bakin titin.