Shirin Musamman: Kumburin Ƙasan Ido da Kasuwar Gyaran Fuska a Zangon Kwatano

Shirinmu na musamman na yau ya leƙa unguwar Zango ta birnin Kwatano a Jamhuriyar Benin, inda Hausawa suka daɗe da kafa gida da sana'a a kewayen babban masallacin unguwar. Batunmu shi ne gyaran fuska ba tare da tiyata ba: tamoji, saki na fata, da kumburin nan na ƙasan ido da ke sa a yi ta tambayar mutum ko bai yi barci ba.

Gyaran jiki ba baƙon abu ba ne a wajen matan Zango. Dilka da halawa da lalle da turaren tsuguno duk an san su, kuma amarya ce aka saba yi wa. Abin da ya sauya shi ne yanzu uwar amarya ma tana jan mai gyara gefe ta ce, “Ƙanwata, dubi ƙasan idon nan nawa, ba abin da za a yi masa kafin ranar biki?” Ta ga bidiyo a waya, daga Legas ko Dubai ko Istanbul, mace ta shiga ɗaki da fuskar shekara hamsin ta fito da ta talatin. Legas kuwa ga ta nan bayan iyakar Seme, duk abin da ya yi kasuwa a can ba ya daɗewa bai iso nan ba. Son gyara ba laifi ba ne, kuma ba mu zo yi wa kowa wa'azi ba. Damuwarmu ita ce a san abin da ake saye.

Kumburin ƙasan ido ba iri ɗaya ba ne, kuma nan ne kuɗin mutane ke salwanta. Akwai na ruwa. Shi ne wanda za ki tashi da shi da asuba, kafin hantsi ya sace. Gishiri ke kawo shi, da dunƙulen miya da muke zubawa ba awo, da ƙarancin barci, da kuka, da mura ko ƙaiƙayin ido. Wannan ba ya buƙatar ko sisi: tsumma mai sanyi a kan ido, ɗaga matashin kai, rage gishirin abincin dare. Akwai kuma na kitse. Ƙwayar ido tana zaune ne cikin kitsen da ke kare ta, wani siririn tantani ne ke riƙe da kitsen. Shekaru na tafiya tantanin na saki, kitsen ya turo gaba. Irin wannan safe da yamma yana nan, sau da yawa ma gado ne, za ki gan shi a fuskar mahaifiyarki. Babu man da ke narkar da wannan kitsen, komai tsadarsa, komai kyan kwalinsa. Duk wanda ya ce miki akwai, kuɗinki yake so.

Na ukun shi ne abin tsoro. Idan fuska na kumbura kowace safiya, ƙafa ma ta soma, kika danna yatsa a ƙwauri wurin ya loɓa bai dawo nan take ba, fitsari na kumfa, to wannan ba maganar kwalliya ba ce. Ƙoda ce ke iya yin magana, ko zuciya, ko ciwon maƙogwaro na maƙoƙo. Asibiti za a nufa, a gwada fitsari da jini da hawan jini. Babban asibitin koyarwa na CNHU Hubert Maga yana nan cikin Kwatano, kuma akwai likitocin fata a garin.

To ga inda lamarin ke ba ni takaici. Wani lokaci man da aka saya don gyara shi ne ya jawo ɓarnar. Ku dubi kwalbar da ake kira haɗi: ba suna, ba kwanan wata, ba jerin abin da ke ciki, mai sayarwa ta matse bututu biyu ko uku ta juya da cokali ta ce, “Hajiya, sati biyu kawai, ke da kanki za ki dawo ki gode mini.” A irin waɗannan mayukan an sha samun abubuwa uku. Clobetasol magani ne mai ƙarfi na cututtukan fata, wanda likita ke rubutawa na ɗan lokaci; idan aka daɗe ana shafa shi fata na yin siriri har jijiyoyi su bayyana, kuma fatar ido ita ce mafi siriri a jiki tun asali. Hydroquinone idan aka yi shekaru ana amfani da shi yana barin baƙin tabo mai wuyar fita a kumatu da gefen ido, wanda ya fi duhun da aka gudu. Shi kuma makuri yana ratsa fata ya taɓa ƙoda, ƙodar ta riƙa zubar da sinadarin gina jiki cikin fitsari, fuska ta kumbura. Mace ta ga kumburi, ta ƙara mai. Abin ya kai Kodebuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, kuma ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Minamata kan makuri sun amince a 2023 cewa a daina sa makuri a kayan shafa kwata-kwata daga 2025.

Alhali baƙar fata dukiya ce. Sinadarin da ke ba ta launi yana tare wani kaso na hasken rana, shi ya sa tamoji ke jinkirin zuwa mana idan aka kwatanta da Turawa. Mai bilicin rufin ɗakinta take yayewa a tsakiyar damina.

Mu zo kan allurai, don su ne sabon yayi. Botox guba ce da wata ƙwayar cuta ke fitarwa, aka tace ta aka mayar magani. Wata likitar ido a Kanada, Jean Carruthers, ita ta lura a 1987 cewa marasa lafiyar da take yi wa allurar don ƙiftawar ido mara tsayawa, tamojin goshinsu na bajewa. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don kwalliya a 2002. Yana kwantar da naman da ke tattare fata ne na wata uku zuwa huɗu, sai a sake. Yana aiki a goshi da gefen ido, amma ba ya taɓa kumburin ƙasan ido. Kuma magani ne na firji, tsakanin digiri 2 da 8. Ku auna wanda aka ɗauko cikin jakar hannu, a bayan babur ɗin haya na zemijan, cikin zafin Kwatano. Ko a Amurka, a 2024 an kwantar da mutane a asibiti saboda jabunsa da kuma allurar waɗanda ba su da lasisi.

Ɗaya allurar ta ciko ce, wani ruwa mai kauri da ake kira hyaluronic acid. Ba ta cire kitse, ramin da ke ƙarƙashin kumburin take cikewa don inuwar ta ragu, kuma takan yi watanni har sama da shekara. A hannun ƙwararren likita, ga wadda ta dace da ita, tana yin kyau, wannan gaskiya ne. Amma tana jan ruwa, don haka mai kumburin ruwa ƙara mata zai yi. Sannan jijiyoyin jinin gefen hanci da goshi suna haɗe da wadda ke ciyar da ido. Idan allura ta faɗa ciki ta toshe, fatar wurin na iya mutuwa, ido na iya rufewa, kuma an rubuta irin wannan makanta a ƙasashe da dama. Akwai maganin narkar da ita, hyaluronidase, wanda dole ya kasance a ɗakin tun kafin a soma. Idan kuwa silikon aka ɗura ko wani mai da ba a san asalinsa ba, babu abin narkarwa.

Mutanen Kwatano ba sa buƙatar a ba su labarin jabun magani. A garin nan ne tsohon shugaban Faransa Jacques Chirac ya yi kiransa na yaƙi da jabun magunguna a watan Oktoban 2009, kuma a watan Fabrairun 2017 jami'an tsaro suka dira a Adjégounlè, sashen 'yan magani na kasuwar Dantokpa, suka kwashe tan-tan na kaya. Rumfuna sun tashi, amma ciniki ya iya komawa waya, kuma abin da aka aiko ta WhatsApp ba wanda ya duba shi.

Me ya rage wa mai son gyara? Man kaɗanya na arewacin ƙasar nan yana laushin fata, ya hana ta bushewa, ko da yake ba ya goge tamoji. Man kariya daga rana yana da amfani har ga baƙar fata, musamman mai wuni a rumfa ko talla. Tretinoin, wanda bincike ya tabbatar yana rage ƙananan tamoji, sai da takardar likita, kuma mai ciki ba ta shafa shi. Leza da wankin fuska da asid kuwa a yi hattara, don fatarmu na saurin yin baƙin tabo bayan ƙuna. Kwallin dutse ma, wanda muka gada kaka da kakanni, an gwada an samu dalma a cikinsa, don haka a nisanta shi da idon jarirai.

Wadda kuma ta yanke shawarar yin allura, ta tambayi mai yin ko likita ce kuma a ina ta yi karatu, ta ce a buɗe kwalin a gabanta ta ga suna da kwanan wata. Idan bayan allurar ta ji zafi mai tsanani, ko fatar wurin ta yi fari ko shuɗi-shuɗi, ko gani ya dushe, kada ta jira gari ya waye, kada ta tsaya kiran mai allurar tana ba ta haƙuri. Ta nufi asibiti a wannan sa'ar, da kwalin abin da aka ɗura mata a hannu.